Ina lambar shasin babur take? Tambayoyi da amsoshi kafin ka tafi rajista

Duk wanda ya je yi wa babur rajista, bayan sunansa abin da za a fara nema a wurinsa shi ne lambar shasi. Wasu na kiranta lambar firam, a takardu kuma sau da yawa za ka ga an rubuta VIN. Mutum zai shekara da shekaru yana hawan babur bai taɓa sanin inda take ba, sai ranar da aka miƙo masa fom aka ce ya cike. Ga tambayoyin da masu babur suka fi yi a kanta.

Mece ce lambar shasi, kuma me ya raba ta da lambar da ke maƙale a bayan babur?

Lambar da ke bayan babur hukuma ce ke ba da ita bayan an yi rajista. Tamkar riga take, ana iya cire ta a sa wata idan babur ya koma wata ƙasa ko aka sake tsarin rajista. Lambar shasi kuwa kamfanin da ya ƙera babur ɗin ne ya buga ta a jikin ƙarfen firam tun yana masana'anta, kuma da ita zai zauna har ranar da za a sayar da shi a matsayin tsohon ƙarfe. Bai kamata a sami babura biyu masu lamba ɗaya ba. Shi ya sa ofishin rajista, kamfanin inshora, jami'an kwastam da 'yan sanda duk da ita suke gane babur. Launi da kamanni ba su isa shaida ba, tunda kamfani ɗaya yakan ƙera dubbai iri ɗaya sak.

To a ina zan fara dubawa?

A wuyan babur. Wato ɗan gajeren bututun ƙarfen nan da ke gaban tanki, bayan fitilar gaba, wanda kan babur ke juyawa a cikinsa. A mafi yawan babura a nan lambar take, kuma galibi ta gefen dama idan kana zaune a kai.

Ka kafe babur ɗin a wuri mai haske, ka karya kan zuwa hagu har ƙarshe, sannan ka tsuguna ta dama. Za ka ga wayoyin lantarki da na birki da na totur sun bi ta wurin. Ka ɗan ture su da yatsa a hankali, kada ka ja da ƙarfi. A ƙarƙashinsu za ka ga jerin haruffa da alƙaluma an dasa su cikin ƙarfe, yawanci a tsaye, sun bi tsawon wuyan, don haka sai ka karkata kai kafin ka iya karantawa. Idan ba ka gani ta dama ba, ka juya kan zuwa dama ka duba hagu. Wasu kamfanonin kan sa wata alama, kamar tauraro, a farkon lambar da ƙarshenta don kada wani ya ƙara mata wani abu. Alamar ba ta cikin lambar, kada ka rubuta ta a fom.

Idan wuyan babu komai, sai ka bi firam ɗin: ƙarfen da ya gangaro daga wuya zuwa gaban inji, ƙasan sirdi, da kusa da inda ake ɗora ƙafa. Littafin da ke zuwa da sabon babur yana nuna wurin da hoto, kuma kamfanoni da yawa suna ajiye littattafansu a intanet ga wanda nasa ya ɓata.

Nawa sikuta ne, roba ta lulluɓe ko'ina. Yaya zan yi?

Irin waɗannan su suka fi ba mutane wahala, domin wuyan yana cikin roba. Masu ƙera su sun san da haka, shi ya sa sukan bar ɗan murfi da ake ɓallewa. Ka duba robar da ke gaban gwiwoyinka, ko daɓen da kake ɗora ƙafa a kai, za ka iya ganin wani ƙaramin murfi mai kusurwa huɗu. Ka ɗaga shi da bakin sukudireba a hankali. A wasu kuma sai an ɗaga sirdi, lambar tana ƙasan akwatin ajiyar kaya ko a kan ƙarfen firam ta baya. Babur mai ƙafa uku da mai ƙafa huɗu su ma a firam ake buga tasu, sai dai wurin ya danganta da kamfani, don haka littafin shi ne zai raba gardama.

Na ga wata lamba a jikin inji. Ita ce?

A'a, wannan lambar inji ce. Ana buga ta a jikin kwandon inji, sau da yawa ta hagu a ƙasa, kusa da inda ake taka giya. Yawanci ta fi ta shasi gajarta, wani lokaci kuma layi biyu ce, na sama yana nuna samfurin injin, na ƙasa shi ne lambar kansa. Ofisoshin rajista da dama suna neman duka biyun, kowacce da gurbinta a fom, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta wannan a gurbin waccan.

Kada hankalinka ya tashi don ka ga lambar inji ba ta yi daidai da ta shasi ba. A yawancin babura na zamani dama ba iri ɗaya ba ne. Abin da ake so shi ne kowacce ta dace da abin da ke rubuce a takardun babur ɗin.

Ai lambar tana cikin takardar saye. Me zai sa in tsuguna ina leƙen ƙarfe?

Saboda takarda mutum ne ya rubuta ta, mutum kuwa yana kuskure. Dila mai babura da yawa iri ɗaya zai iya ba ka takardar wani babur ɗin ba da gangan ba, musamman waɗanda ke zuwa a kwali a haɗa su daga baya. Magatakarda zai iya tsallake harafi ɗaya. Wanda ya sayar maka da na hannu zai iya haɗa ka da takardun da ba na babur ɗin ba, ko da saninsa ko ba da saninsa ba. Idan aka yi rajista da lambar da ba ita ce a jikin firam ba, a idon hukuma wani babur ka yi wa rajista, naka kuwa ba shi da takarda. Ba za ka gane ba sai ranar da aka tsayar da kai a hanya, ko aka sace shi ka kai ƙara, ko ka yi haɗari kamfanin inshora ya turo mai dubawa. A ranar kuwa gyaran ya yi tsada.

Shawarata ita ce ka fara da ƙarfe, ka ƙare da takarda. Ka kwafi lambar daga firam da hannunka ba tare da ka kalli takardar ba, sannan ka ɗora su gefe da gefe ka bi su harafi bayan harafi. Idan ka fara karanta takardar, idonka zai riƙa ganin abin da ya riga ya sa rai zai gani. Ya fi kyau ma ku yi ku biyu, ɗaya na karantawa da ƙarfi, ɗaya na bin takarda da yatsa. Kuma a yi wannan kafin kuɗi su fita daga aljihu.

Me haruffan da alƙaluman suke nufi?

Cikakkiyar lambar zamani tana da gurbi 17. Kafin 1981 kowane kamfani da irin tsarinsa. Daga ƙirar wannan shekarar ne Amurka ta wajabta tsarin gurbi 17 ga ababen hawan da ake sayarwa a can, kuma akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 3779 da yawancin masana'antun duniya ke bi.

Gurbi uku na farko suna nuna wanda ya ƙera da inda aka ƙera. Lambar da ta fara da J daga Japan take, L daga China, W daga Jamus, 1 ko 4 ko 5 daga Amurka. Babur ɗin Honda da aka ƙera a Japan yakan fara da JH2, Yamaha da JYA, Suzuki da JS1, Kawasaki da JKA. Na Indiya kuma, Bajaj na farawa da MD2, TVS da MD6. Harley-Davidson na Amurka 1HD, Ducati na Italiya ZDM. A lura, kamfani ɗaya yakan mallaki masana'antu a ƙasashe da yawa, kowacce da nata haruffan. Honda da aka ƙera a Indiya da ME4 yake farawa, kuma wannan bai mai da shi jabu ba.

Daga gurbi na 4 zuwa na 8 ko na 9 bayanin samfuri ne: irin babur ɗin, girman inji da makamantansu. Kowane kamfani da yadda yake tsara nasa. Gurbi na 11 yakan nuna masana'antar da aka haɗa shi, shida na ƙarshe kuma su ne lambar wannan babur ɗin shi kaɗai a jerin 'yan uwansa.

Gurbi na 9 yana da wani aiki na musamman a babura da aka yi don kasuwar Amurka da Kanada. Alƙalamin tantancewa ne. Ana ba kowane harafi ƙima, a ninka da wani adadi gwargwadon gurbinsa, a tara duka, a raba da 11, abin da ya yi saura shi ake bugawa a wurin. Idan saura 10 ne sai a sa X. Amfaninsa shi ne da an yi kuskuren harafi ɗaya wajen kwafa, galibi lissafin ba zai fita ba, kwamfuta ta ƙi karɓa. Amma ba kowace ƙasa ce ta wajabta shi ba. Babura da yawa na kasuwar Turai ba sa bin wannan lissafi, don haka idan wani shafin duba lamba a intanet ya ce taka ba daidai ba ce, ba lallai ne akwai matsala ba.

Zan iya gane shekarar babur daga lambar?

Sau da yawa, eh, daga gurbi na 10. A tsarin da aka fi bi, Y na nufin 2000, alƙaluma 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, sai a koma haruffa: A 2010, B 2011, C 2012, haka har H 2017, J 2018, K 2019, L 2020, M 2021, N 2022, P 2023, R 2024, S 2025. Ba a amfani da U da Z da sifili a wannan gurbi. Jerin yana zagayowa duk shekara 30, saboda haka A na iya zama 1980 ko 2010, amma kallo ɗaya za ka yi wa babur ka san wanne ne.

Abu biyu za ka riƙe. Wannan shekarar samfuri ce, babur ɗin da aka ƙera a ƙarshen 2022 yana iya ɗaukar harafin 2023. Sannan akwai kamfanonin da ba sa sa shekara a wannan gurbi ko kaɗan. Duk da haka yana da amfani wajen ciniki. Idan mai sayarwa ya rantse babur ɗin shekararsa biyu, gurbi na 10 kuma ya nuna G, wato 2016, to akwai tambayar da ya kamata ya amsa.

Na kasa gane wani harafi, O ne ko sifili?

Sifili ne. A lamba mai gurbi 17 babu I, babu O, babu Q, an cire su ne don kada a rikita su da 1 da 0. Waɗanda suka rage masu ruɗa ido su ne 5 da S, 8 da B, 2 da Z, 6 da G, U da V, sai 0 da D. Idan ka yi shakka, ka tuna gurbi huɗu na ƙarshe alƙaluma ne zalla, ba harafi a cikinsu.

Datti da tsatsa sun rufe lambar. Da me zan goge?

Da tsumma da ɗan kalanzir ko ruwan sabulu, sai tsohon buroshin haƙori. Maiƙo da ƙura su ne yawanci ke cike ramukan haruffan, da sun fita lambar za ta bayyana. Idan tsatsa ce, ka zuba man da ke sassauta tsatsa, ka bar shi ya jiƙa, ka sake gogewa. Daga nan ka haska tocila daga gefe, a kwance, yadda haruffan za su yi inuwa. Hasken da ya doki ƙarfe kai tsaye ɓoye rubutun yake yi. Goga alli a kai ka share saman da yatsa shi ma yana fito da su fari tas. Ka ɗauki hoto da waya ka buɗa shi, sau da yawa abin da ido ya kasa gani a tsugune yakan fito a hoto.

Abin da nake roƙonka kada ka yi shi ne sa sanfefa mai kaushi, ko magagari, ko injin gurza ƙarfe. Haruffan ba su da zurfi sosai, kaɗan za ka ci su shafe. Ko ba su shafe ba, wurin zai nuna alamar gurza, kuma alamar gurza a kan lambar shasi ita ce abu na farko da jami'i ke nema idan yana zargin babur na sata ne. Haka nan kada ka bar makanike ko mai walda ya ce zai ƙara mata zurfi da ƙarfen buga lamba don ta fito sosai. Niyyarsa mai kyau ce, amma a ƙasashe da yawa taɓa lambar shasi laifi ne, kuma kai za a riƙe. Idan za a yi wa firam fenti, a ce wa mai fenti ya rufe wurin, ko ya yi masa shafa ɗaya marar kauri.

An ce in kawo zanen lambar da fensir. Yaya ake yi?

Ka share wurin ya bushe, ka ɗora farar takarda marar kauri ko tef ɗin takarda a kan lambar, ka danne kada ta motsa, sannan ka goga gefen bakin fensir a kai a hankali. Haruffan za su fito farare a cikin baƙi. Ƙasashe irin su Indiya, Indonesiya da Filifin sun saba neman wannan zane a harkar rajista, domin yana nuna siffar haruffan yadda suke a ƙarfe. Ko ba a nema ba, yana da kyau ka yi ɗaya ka ajiye tare da takardunka.

Lambata ba ta kai gurbi 17 ba. Jabu ce?

Ba lallai ba. Babura na kafin 1981 lambobinsu gajeru ne, kowane kamfani da tsawon tasa. Wasu tsofaffin ma, kamar Harley-Davidson na kafin 1970, da lambar inji ake yi musu rajista. Haka kuma babura da aka ƙera don sayarwa a cikin Japan kawai suna da nasu tsarin: 'yan haruffan samfuri, ɗan layi, sai alƙaluma. Idan irin wannan ne naka, ka rubuta ta yadda take, kada ka cike sauran gurbin da sifili sai in jami'in rajista ne ya ce a yi haka. Amma idan babur ɗin na zamani ne, ka ƙirga ka sami 16, to ka sake dubawa, akwai harafin da waya ko fenti ya ɓoye.

Ta yaya zan gane an taɓa lambar babur ɗin da zan saya?

Lambar masana'anta na'ura ce ke buga ta, don haka haruffan girmansu ɗaya, zurfinsu ɗaya, tazararsu ɗaya, a kan layi ɗaya. Wadda aka buga da guduma za ka ga wani harafi ya karkace, wani ya nutse, wani ya hau sama. Ka shafa wurin da yatsa. Wuyan babur a zagaye yake, idan ka ji wurin lambar ya baje ko ya lotsa, mai yiwuwa an gurje shi. Ka duba ko fentin wurin ya fi na sauran firam ɗin sabunta, ko akwai tabon walda a kewaye, domin akan yanke ɓangaren da ke da lamba daga wani firam a liƙa a wani. Ka kula da alƙaluman da ke da sauƙin juyawa, kamar 3 da ake mayarwa 8, ko 1 da ake mayarwa 4.

Babura da yawa suna da sitika ko ɗan faranti da aka maƙala a firam mai ɗauke da lambar a karo na biyu. Ka gwada su. Idan sun saɓa, ko mai sayarwa ya fara hanzarta ka, ko ya ce takardun suna gida zai kawo daga baya, ka haƙura da cinikin komai arharsa. Masu binciken 'yan sanda suna iya dawo da lambar da aka gurje, saboda bugun yana danne ƙarfen da ke ƙasa, kuma idan aka shafa wani sinadari tsohuwar lambar takan sake fitowa. Hukumar 'yan sandan duniya, Interpol, tana da rumbun bayanan ababen hawan da aka sace, har da babura, saboda haka tsallaka iyaka ba ya wanke babur.

Na riga na saya, sai yanzu na ga lambar takarda da ta firam ba ɗaya ba ne.

Ka fara duba girman bambancin. Idan harafi ɗaya ne, kamar an rubuta 5 a maimakon S, kuskuren rubutu ne, ka koma wurin wanda ya ba da takardar ya gyara a hukumance, da sa hannu da hatimi. Kada ka gyara da bironka. Idan kuwa lambobin ba su ma yi kama ba, ka daina hawa babur ɗin, ka tattara rasit da duk wata shaidar ciniki, ka nemi mai sayarwa. In ya kasa ba da bayani mai gamsarwa, ka kai maganar ga hukuma da ƙafarka. Wanda ya kai kansa da wanda aka kama a hanya ba kallo ɗaya ake yi musu ba.

Na canza inji. Lambar shasi ta canza?

Ba ta canza ba, tunda tana jikin firam. Sai dai inda ake rubuta lambar inji a takardar rajista, dole ka sanar a sabunta, kuma ka riƙe rasit ɗin injin da ka saya mai ɗauke da lambarsa. Canza firam shi ne babban al'amari, domin a wurin hukuma firam shi ne babur. Idan haɗari ya lanƙwasa shi har sai an sa wani, ka tambayi ofishin rajista matakan da ake bi tun kafin makanike ya kwance ƙusa ɗaya.

Sitikar ta ɓare, amma ta jikin ƙarfe tana nan. Akwai damuwa?

Galibi babu, wadda aka buga a ƙarfe ita ce asali. Kada dai ka je a buga maka wata sitika a shago.

Akwai haɗari idan na ba wani lambar?

Mai son saye yana da haƙƙin ya gan ta ya bincika, kuma mai sayar da kayan gyara yakan nema don ya ba ka abin da ya dace da samfurinka. Kamfanoni da dama ma suna da shafin da za ka sa lambar ka ga ko an taɓa kiran irin babur ɗinka don gyara wani lahani na masana'anta. Abin da ba na so shi ne a ɗora hoton cikakkiyar lamba tare da takardun babur a Facebook ko wani dandalin talla. Ɓarayi kan kwafi lambar babur mai tsabta su buga wa na sata irinsa. Idan za ka sa hoto, ka rufe alƙaluman ƙarshe, wanda da gaske yake zai zo ya gani da idonsa.

Ranar rajista, sai na je da babur ɗin?

A wurare da yawa, eh, domin jami'i zai so ya ga lambar da kansa, musamman idan babur ɗin na hannu ne ko an shigo da shi daga wata ƙasa. Ka tambaya tun kafin ranar, har da yadda aka yarda a kai babur ɗin da bai sami lambar baya ba tukuna. Ka je da wuyan a goge, da hoton lambobin biyu a waya, da takardar saye, da ta kwastam idan shigo da shi aka yi. Idan aka miƙo maka sabuwar takardar rajista, kada ka ninke ta ka sa aljihu. Ka tsaya a wurin ka gwada gurbi 17 ɗin nan da hoton da ke wayarka, in akwai kuskure a gyara tun fayil ɗinka yana kan tebur.